Dutsen Tsakiya

Wasiƙar ta zo ranar Talata daga Munik,
kamfanin gina gadoji na neman hannuna.
Albashin ya ninka nawa sau huɗu.
Na karanta a tsaye, miya na tafasa,
na sake karantawa a zaune, har miyar ta kama.

Shekara goma sha ɗaya ina lissafin ƙarfe da siminti
a wani ƙaramin ofis a Mostar,
ina gyaran kwalbatin da wasu suka zana.
Yau ga ƙofa a buɗe, ga ƙafata a ɗaure.

Lamija na aji biyu, haƙoranta biyu sun fita,
ba ta barci sai ta riƙe gefen rigata.
Sead na tuƙa motar asibiti, kwana yake a hanya.
Ga Baba Hajrudin a ɗakin ƙasa,
maginin da ya sassaƙa dutse shekara arba'in,
yanzu yakan ajiye takalminsa cikin firji,
yakan kira ni da sunan mahaifiyata
da ta rasu ina 'yar shekara tara.

Na yi alwala da ruwan sanyin Nuwamba,
raka'a biyu, na ɗaga hannu:
Ya Rabbi, Kai Ka san abin da ke bayan tudu,
ni iyakar ganina bakin taga.
In alheri ne, Ka sauƙaƙa.
In ba shi ba ne, Ka kau da shi,
Ka kau da zuciyata ma, don ita ce mai taurin kai.

Na kwanta ina jiran mafarki.
Babu fari, babu kore, babu komai.
Dare bakwai,
sai rugugin kogin Neretva
da tarin Baba ta cikin bango.
Na fara fushi, irin wanda ba a faɗa.

Ranar Lahadi na riƙo hannunsa zuwa bakin gada.
Baƙi sun watse, sai tantabaru.
Ya daɗe yana kallon yadda duwatsun suka yi baka,
can ya ce, da muryarsa ta da,
ya kuma kira sunana daidai:
"Nermina, kin san me ke riƙe da ita?
Kowane dutse jingine yake da ɗan'uwansa.
Na tsakiyan nan da ake yabo,
a zare na gefensa, shi zai fara shan ruwa."
Sai ya tambaye ni ko an kora awaki gida.
Rabon gidanmu da akuya shekara talatin.

A daren na daina lissafi ni kaɗai.
Na baza takardar a gaban Sead,
na buga wa ƙanwata Enisa waya,
ita da kullum nake ce wa, "Ba komai, ina iyawa."
Ta yi shiru, ta ja hanci, ta ce,
"Shekara uku ina jiran ki tambaya."

Na rubuta wa Munik:
ba zan iya kwashe gida ba,
amma in kun yarda, mako ɗaya a wata ina wurinku,
sauran in yi zanen daga nan.
Na tura. Hannuna bai yi rawa ba,
abin ya ba ni mamaki.

Kwana tara ke nan, ba amsa.
Wataƙila sun ba wani.
Wataƙila suna shawara.
An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama,
wanda ya hau kuwa, da ma ba nasa ba ne.

Da safen nan Lamija ta kawo mini haƙori na uku a tafin hannu,
tana dariya da giɓinta.
Enisa ta iso da akwati, tana aske wa Baba gemu,
yana ce mata "malama" cikin ladabi.
Na fasa rumman na ƙarshe daga bishiyar da ya dasa,
muka raba, jan ruwan na bin yatsunmu.

Har yau ban ga mafarkin ba.
Amma ina barci.