Ɗakin da Ake Rage Fitila

A Tromso, inda rana kan ƙi faɗuwa wata biyu cur,
shekara talatin da ɗaya na yi ina ja wa mutane labule.
Yau na haɗa kayana. Kwali huɗu:
uku cike da littattafan da marasa lafiya suka lissafa kwanakin ciwo,
ɗaya 'yar gudumar roba, tocila,
da kofin da bakinsa ya ɓantare.

Mahaifiyata ce malamata ta fari, ba da saninta ba.
Ranar da abin ya sauko mata
sai gidanmu ya yi tsit kamar gidan makoki.
Mu tuɓe takalma, mu lulluɓe agogon bango da tawul,
ita tana can cikin duhu, jiƙaƙƙen tsumma a goshi.
Maƙwabta suka ce raki ne.
Ni da nake zubar da bokitin amai, na san ƙarya suke.

A jami'a wani babban likita ya ce mini,
"Ragnfrid, ɗauki farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki.
Ciwon kai ai ba ya kisa."
Gaskiya ne. Gutsura yake yi:
Talata guda nan, ranar biki can,
jarrabawa, albashi, haƙurin miji,
har a waiga a ga rabin shekara ta tafi a ɗaki mai duhu.

Torleif masunci, wanda igiyar jirgi ta tsinke wa yatsa biyu bai ce uffan ba,
shi ne ke buga kansa da bango ƙarfe biyun dare,
kullum ƙarfe biyu, kamar an yi alkawari,
ƙusa mai zafi a bayan idon dama.
Na haɗa shi da tulun iskar shaƙa.
Tun daga nan, duk hunturu, sai ya kawo mini busasshen kifi
mai tauri kamar icen girki.

Elle-Maret, 'yar makiyayan barewar ƙanƙara, shekararta sha uku,
ta ce rabin fuskar malaminsu kan ɓace,
sai wani haske mai haƙoran zarto ya ratso allo.
Na miƙa mata fensir. Zanen yana cikin jakata yanzu.
Hoton ƙwaƙwalwarta ya fito tas,
uban ya saki ajiyar zuciya, ita ta sunkuyar da kai.
Ran nan na koyi cewa,
"Na'ura ba ta gani ba, amma ni na yarda da ke."
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai Jostein.
Juma'a ce, na gaji, layi ya yi tsawo.
Na ce ya je ya kwanta.
Ashe jijiya ce ta tsage.
Ya rayu, amma sunan 'yarsa ya kuɓuce masa har yau.
Ban ƙara sallamar kowa ba sai na tambaya:
a hankali ya zo, ko kamar tsawa?

Sabbin allurai sun iso da furfurata.
Wasu kwana ashirin ɗinsu ya koma huɗu, suka shigo suna dariya.
Wasu ko gezau.
Su ma na ajiye musu kujera.

Yarinyar da za ta gaje ni ta tsaya a ƙofa da biro, tana jiran hikima.
Na ce, kar ki sa turare.
Rage fitila kafin ki buɗe baki.
Saura za su koya miki.

Sha ɗayan dare, rana na zaune bisa teku ba ta da niyyar tashi.
A gefen idona na hagu wani ɗigo ya fara ƙyalli.
Gadon uwa. Na san sallamarsa.
Minti ashirin gare ni in kai gida.