Maɗori a Gaban Tele

Ni maɗori ne, ɗan maɗori,
a Garin Malam aka binne cibiyata.
Yau kafin rana ta hau duwatsun Birni
ƙafa uku na jira na a zaure:
ɗan kabu-kabu da ya rungumi jaki a kwanar Dole,
tsohuwa da santsin bakin famfo ya kwashe,
sai Manzo magini da tsani ya ci amanarsa.
Na ja, na murza, na jera karare, na ɗaure.
Na ji ƙato na kiran uwarsa da sunan yanka.

Bayan isha, in an kawo wuta,
Cima jikata kan ja mini riga:
"Tsoho, taso, ga mutanenka."

Mutanena kuwa. Baƙi da fari,
hoto na yayyafi don tsufa,
ga dukan alama sun girmi ubana.
Na fara ganin su a sinima marar rufi,
ina bisa katanga, ban biya ko dala ba,
mai gadi na jifa ta da ƙwallon goriba.

Ga kuku mai tumbi ya biyo akuya mai wando.
Ya taka hauya, ƙota ta gai da goshinsa.
Ya haɗiye ludayi,
wuyansa ya zama ludayi.
Uwar maƙera ta faɗo daga sama,
wa ya ajiye ta can? Babu mai tambaya.
Ta mai da shi tabarma.
Sai tabarma ta miƙe tsaye,
ta sa babban yatsa a baki, ta hura,
fuuu, ga kuku ya dawo har da hularsa,
ya kakkaɓe gwiwa, ya ci gaba da gudu.

Ba Hausa, ba Faransanci,
ƙaho ne kawai da ganga da usur.
Kyari maƙwabci ya leƙo, Buzu mai shayi ya tsaya,
mu duka muka fashe a gaɓa ɗaya,
ba wanda ya nemi tafinta.

Wanda na fi so shi ne na bakin dutse:
ya zarce da gudu, ƙasa ta ƙare,
shi bai sani ba, yana ta taka iska,
taku bakwai, takwas,
sai da ya duba ƙasa.
Ya dube mu. Ya ɗaga hannu, sai wata rana.
Ashe faɗuwa ma tana jiran a gan ta.

Cima ta share hawayen dariya, ta ce,
"Shi wannan, wa ke yi masa ɗori?"
Na ce, "Ƙashinsa roba ne, ƴar nema."
Ta ce, "Da a garinsu kake, da yunwa ta kashe ka."
Na ce, "Da na gode."

Ba ta san me na gode wa ba.
Tana goye aka kawo ubanta daga hanyar Tanut,
cikin bargo, bayan wata akori-kura.
Na taɓa shi tun daga wuya har diddige,
hannuna ya ƙirga abin da ya ƙirga,
na mai da karare inda na ɗauko su.

Don haka ku bar ni da akuyata mai wando.
Minti bakwai a ƙasar da nauyi ba ya kisa,
inda ƙulu a ka ke tsiro kamar gwaza
a danna shi da yatsa ya koma,
inda mai faɗuwa ke barin rami daidai siffarsa
ya fito yana ƙirga taurari.

Ƙyat, an ɗauke wuta.
Cima ta yi tsaki. Kyari ya laluba takalmi.
Ni ina zaune, dariya ba ta gama fita ba.

Da safe Manzo zai dawo a amalanke.
Zan kwance, in duba, in sake ɗaurewa,
in ce masa kwana arba'in, kar ya taka.
In ya kau da kai
wataƙila in kama babban yatsansa
in ɗan hura, a ɓoye.