Firjin Ɗan Isa

Shekarar da aka ja sarƙa a Ɗan Isa,
aka ce mota kar ta wuce, mutum kar ya gifta,
ina gidan likita mai ɗaki biyu da rumfa,
tulun wankin hannu a bakin ƙofa,
da firji guda, fari, mai cin hasken rana.

Tari ba ya nuna takarda.
Bai tsaya gaban ɗan duwan ya faɗi sunansa ba,
ya bi gonar aya, ya bi gaɓar gulbi,
ya kwana Jibiya, ya yi asuba a Madarumfa.
Mu masu hatimi, mu ne muka tsaya.

Daren Laraba waya ta yi ƙara, Tasi'u ne daga ƙetare:
"Lauwali, kwana uku ba wuta,
injinmu ya yi tari shi ma ya mutu,
allura ɗari huɗu na gumi a akwati,
in rana ta fito sun zama ruwan banza."
Na dubi firjin, yana gunaguninsa a kusurwa
kamar tsohuwa mai jan tasbaha.
Na ce masa, kawo.

Ajidan Na-Allah ya haska doka da tocila,
ya karanta sau biyu, ya sosa ƙeya,
ya kira Maraɗi, Maraɗi ta kira na sama.
Ƙarfe ɗaya amsa ta dawo, gajeriya:
don cuta aka ja sarƙa, ba don magani ba.

Tasi'u ya aje akwatin ƙarƙashin sarƙa,
ya ja baya taku uku.
Shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya,
daren nan ko hannu ba mu gama ba.
Ɗan Jimma ya ɗaure kayan a bayan babur
da igiyar da yake ɗaure buhun albasa,
ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daga baya wani yaro mai rubutu ya zo,
ya ce, me ƙasarku ke da shi da za ta ba maƙwabta?
Na yi shiru. Ba mu da injin yin allura,
kuɗinmu kuwa, ka san tsawon bargonmu.
Amma muna da rana da ba ta ɗaukewa.
Sanƙarau ya koyar da mu tun muna yara
yadda ake kai sanyi cikin zafin bazara.
Muna da mata irin Uwale ta Gabi,
da ta san kowane gida da sunan jaririnsa.
Muna da Sahura, tela a Bagalam,
ta tara ƙyallayen atamfar salla
ta ɗinka takunkumi har keke ya karye allura,
rabi ta ce a ba Jibiya, can ƙanwarta ke aure.
Kuma in rediyonmu ya ce a wanke hannu,
ba mai neman tafinta a Katsina.

Ba duka aka tsira ba.
Baban Ɗan Jimma ya tafi cikin azumi,
mutum bakwai kawai suka yi masa salla.
Satin nan iskar numfashi ta ƙare a babban asibiti,
sai ga tukwane biyu daga kudu, bayan akori-kura,
da guntuwar takarda: "Sauran na tafe jibi."
Ba sa hannu. Na gane rubutun.

Yanzu sarƙar na kwance, ta yi tsatsa,
jar akuya na ƙetare ta safe da yamma.
Firjin na nan, murfinsa ya fara saki,
na tokare shi da bulo.
A benen tsakiya akwai farar takarda
da aka manna da filasta: NA JIBIYA.
Sau biyu an ce in cire, wurin na da amfani.
Na ce a bar ta tukuna.