Na Uku Daga Hagu

A takardar da suka miƙo mini babu sunana.
An dai rubuta: Yaron Mugu na Uku.
Ni kuwa Sallau ne, ɗan dako a Alaba Rago.
Wani mai gemun bunsuru ya gan ni ƙarƙashin buhun albasa,
ya ce ƙirar kafaɗata ta azzalumai ce.
Na ce na gode. Nawa za a biya?

Kumbon namu yana cikin wani sito a Ikorodu,
falankin katako ne da kwalin firiji.
Taurari kuwa koren ƙyalle aka rataya,
wai daga baya kwamfuta za ta zuba su.
Aka kifa mini hular kwano mai warin zufar wani,
aka ba ni bututun famfo da fentin azurfa:
ga bindigarka, tana narka dutse.

Maigidanmu, mai murƙushe duniyoyi bakwai,
Oga Bankole ne, dattijo mai ciwon gwiwa.
Idan ya daka tsawa har kwalin yakan girgiza,
idan an tsaya hutu sai ya gutsura mini burodin Agege,
ya tambayi lafiyar yara.

Maganata ɗaya ce tak a fim ɗin:
Ranka ya daɗe, sun shigo.
Daga nan sai jarumi ya ɓullo, haƙora farare tas,
ya nuna ni da yatsa, in dafe ƙirji, in zube.

Sau tara na mutu ranar Talata.
Ta farko an ce na faɗi kamar mai shirin barci.
Ta huɗu janareta ya shaƙe, sararin samaniya ya yi duhu.
Ta shida wani kwandastan danfo a waje
ya kwarma Oshodi! Oshodi! cikin tsakiyar taurari.

Ina kwance a siminti, jarumi yana tsallake ni,
sai na kama tunanin wannan Na Ukun.
Wa ya raɗa masa suna? Wace ce ta goya shi?
Ina jin shi ma daga wata ƙaramar duniya ya taso,
inda damina ta yi ƙarya shekara biyu,
ya hau bayan tirelar sama, ya zo neman na kai.
Aka ce akwai aikin tsaron ƙofa, da abinci, da kaki.
Bai tambayi ƙofar wa ba.
Ciki ba ya karanta takardar aiki.

Ba wanda zai yi masa zaman makoki.
Kiɗa ma sai ya ƙara daɗi idan ya faɗi.

Da magariba aka ƙirga mini dubu takwas,
ɗaya a yage, an liƙe ta da salatif.
A cunkoson Ketu na leƙa ta tagar mota,
sama ja wur da hayaƙi, ko tauraro ɗaya babu.

Idan fim ya fito zan kai Laure ta gani.
Za ta ce, Baba, duk fuskarsu a rufe, wanne ne kai?
In ce ki bar kallon mai haƙoran.
Duba can, na uku daga hagu,
wanda ya kare kansa da hannu kafin ya kai ƙasa,
don gobe da asuba akwai buhu.