Dawakin da Suka Ɓata a Hanyar Alkaleri

Wata bakwai tana kwance a garejin Bappayo,
bayan Tashar Dukku, gindin darbejiya,
jar Golf ɗina mai tsatsa a bakin ƙofa.
Muka ɗaura mata turbo ɗan Kwatano,
muka buɗe salansa har dunƙulen hannu na shiga.
Buhun wake tara suka tafi, da uwar akuya,
don kawai in taka in ji ta yi gurnani.

Bappayo ya kara kunne jikin bonet:
"Doki ɗari biyu da hamsin, ko a sare min yatsa."
Na ce kunne ba mudu ba ne, maigida.
Ni ɗan ma'auni ne, a Tudun Hatsi na girma,
abin da ba a auna ba, ban yarda na saya ba.

Awon fari nan Gombe, da sanyin safiya.
Suka ɗora ƙafafun gaba bisa gangar ƙarfe,
suka ɗaure ta tamau kamar sa a mahauta,
ƙatuwar fanka na hura mata iska a hanci.
Na ba ta wuta.
Allura ta haura ɗari da tamanin,
kwanon rufi na rawa, yara sun toshe kunne,
amma inuwarta ko taku ɗaya ba ta gusa ba.
Kwamfuta ta tofo takarda:
ɗari biyu da sha biyu.
Bappayo ya tura yatsansa cikin aljihu.

Da na haƙura.
Sai aka ce akwai wata na'urar a Bauchi.

Injiniya Rifkatu, da alli a bayan kunne,
ba ta ko dubi fentin da na kashe wa kuɗi ba.
Ƙarfe biyu na rana, kwalta na narkewa.
Tata gangar ba ta sakin mara:
kana ja, tana riƙe ka, kamar mai bin bashi.
Ɗari da tamanin da shida.

Na ce, "Baiwar Allah, ashirin da shida fa?
Da su na baro gida."
Na tuna hanya: ko sun tsaya shan ruwa a Dindima,
ko sun ɓalle cikin dawa wajen Alkaleri?

Ta yi dariya, ta sa aka kwance tayoyin,
aka ɗaure injin awo a kan cibiyar ƙafa,
mota zaune a sama kamar kaza a kan akurki.
Ɗari da casa'in da tara.
"Ka gani? Taya na cin la'adarta,
giya na cin tata, zafin rana na karɓar kamasho.
Ta Gombe saurin juya nauyi take ƙirgawa,
tawa kokawa take yi da kai.
Babu wadda ta yi maka ƙarya."

Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa,
da mudunsa biyu ƙarƙashin tabarma,
ɗaya mai lotsattsen gindi, ɗaya mai ciki.
Ban taɓa tambayarsa wanne ne na gaskiya ba.

Yanzu takardu uku ne a aljihun mota.
'Yan majalisar Jekadafari, babbar nake nunawa.
Ta tsakiya, ni da Bappayo in muna shan shayi.
Ƙaramar na kai wa Dudu cikin ɗaki,
ko za ta rage yi min gorin akuya.

Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa,
ta miƙo min, ta ci gaba da tsince shinkafa.
"Gidado," ta ce, "duk wannan garke,
babu ko ɗaya mai cin harawa?
Lita nawa suka sha, zuwa da dawowa?"

Wannan kam ban kai ta awo ba.