Lahadinmu Juma'a Ce

A Maskat Lahadinmu Juma'a ce.
Da farko bakina ya ƙi karɓa,
sai da shekara ta zago sau biyu
na daina gardama da kalanda.
In kiɗa ya sauya, ƙafa ma sai ta koya.

Shida saura nake sauka daga aikin dare,
warin asibiti har cikin kitsona.
Farar bas ɗin Kuriakose na jira a bakin titi,
na'urar sanyinta tana ta tari,
ba sanyi, sai ƙara.
Marivic ta kama mini kujerar taga,
tukunyar taliya a cinyarta, an ɗaure murfin da ɗankwali.
Tesfalem ya yi barci baki buɗe.
Kwana shida yana ɗora bulo kan bulo
a gidan da ba zai taɓa kwana ciki ba.

Hanya ta kutsa tsakanin duwatsu tsirara,
babu ciyawa ko ta rantsuwa.
Teku ta leƙo, ta ɓuya.

Ɗakin sujadarmu aro ne, awa ɗaya da rabi.
Kafin mu 'yan Pakistan,
bayanmu 'yan Koriya, sun jeru bakin ƙofa
da furanni a hannu, suna murmushi, suna duba agogo.
Ɗumin wanda ya tashi yana nan kan kujera
mu kuma muka zauna da namu gumin.
Fasto Wanyama na wa'azi yana yanke wa maganarsa wutsiya.
Waƙa ɗaya, harshe bakwai,
kowa ya ja ta yadda uwarsa ta koya masa,
sai a Amin muke haɗuwa
kamar rafuka a bakin gulbi.

Kwandon baiko ya zaga ya dawo.
Cikin riyal da ƙananan sulalla
wani ya saka takardar kuɗin ƙasarsu
wadda ko ruwa ba za ta saya a nan ba.
Ma'aji ya miƙe ta da yatsa, ya lissafa da ita.

Lokacin sanarwa sai Kuriakose ya tashi.
Shekara ashirin da uku, in ji shi,
kamfani ya ce ya gode.
A nan ba a tsufa:
ran da ƙarfi ya ƙare, ran nan biza take ƙarewa.
Akwai gida a Kottayam da ya gina ta hoto,
akwai 'ya da ya rena ta waya,
yanzu ita ma tana goyo.
Ya yi dariya ya ce yana tsoron karen gidansa,
bai san shi ba.

Ba wanda ya duba agogo.
'Yan Koriya ma suka sunkuyar da kai,
suka bar mana minti goma daga nasu.

A inuwar katanga muka ci taliyar Marivic
da cokulan roba, a tsaye, kamar masu jiran jirgi.
Khalfan mai shago ya wuce cikin farar riga zai tafi masallaci,
ya ji labari, ya koma,
ya dawo da dabino cike da leda.
Bai ce komai ba, ya dafa kafaɗar tsohon.

Kafin mu shiga mota
Kuriakose ya danƙa mini mabuɗin kabad,
inda kofunan jibi da farin ƙyalle suke kwana.
Ya ce yana cijewa, sai kin ɗaga ƙofar kaɗan.
Na ce ai baƙo raɓa ne, ni ma ban san ranata ba.
Ya ce to, ki koya wa wani kafin hantsi.

Ran Lahadi, ina ɗaura wa wata tsohuwa ruwa,
waya ta motsa a aljihuna.
Inna ce: kin je sujada kuwa?
Na rubuta mata, na riga ku da kwana biyu.
Na mayar da wayar,
ta bugi mabuɗin, ya yi 'yar ƙara.