Fatar Idon Goshi

A Mai Wurno, bayan ruwan Agusta,
na ɗaga fatar idon Goshi, tunkiyata:
fari fat, ba ɗigon jini.
Haɓa ta kumbura, haƙarƙari a waje.

Na zargi bakin maƙwabci.
Ishraƙa, malamar dabbobi, ta yi dariya:
"Ɓarawon na ciki, Baba Tanimu.
A bakin kogi ta haɗiye shi, da raɓar safiya."

Ta ɗura magani, ta yi wa garken allura,
ta ce sauran aikin na kwano ne:
tunkuza, harawa, ɗan gishiri.
"Tsutsa ta fi ƙarfi kan mai yunwa."

Na sayar da agogona, na sayo buhu biyu.
Yanzu kukan Goshi ke faɗa mini lokaci.

Jiya idon ya yi ja kamar karkade.
Maƙwabcin kuwa,
har yau ban iya haɗa ido da shi ba.